Manhajarka Ta Ƙi Aiki a Hannun Mai Ita? Ga Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Manhajojin da na fi ganin matasa suna rubutawa a nan Maradi su ne na lissafin kaya da bashi a butik ko sito, na rajistar ɗalibai da kuɗin makaranta, sai na farmasi. Kusan dukkansu lafiya lau suke aiki a kwamfutar wanda ya rubuta su. Rigima tana farawa ne ranar da aka ɗora su a wayar itel mai ƙwaƙwalwar giga 2 da aka saita da Faransanci, ko a tsohuwar kwamfuta ƴar gwanjo da ke wani shago a babbar kasuwa, inda kuran ke ɗaukewa ba sallama kuma rezo ke zuwa yana tafiya. Kod ɗin bai canza ba, wurin zamansa ne ya canza. Shi ya sa wannan jagorar ta fi ba da ƙarfi ga bambancin da ke tsakanin na'urarka da ta mai kaya, domin a nan ne mafi yawan matsalolin ke ɓuya.

Mataki na farko: sa matsalar ta faru a gabanka

Kira zai shigo, ka ji an ce: "Malam, abin nan naka ya ƙi." Kada ka buɗe kod tukuna. "Ya ƙi" na iya nufin manhajar ta rufe kanta, ko ta tsaya cak, ko ta ba da lissafin da ba daidai ba, ko kuma yaron shago ne ya manta kalmar sirri. Ka ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, a ba yaron wayar ya sake yin abin da ya yi, wani ya ɗauke shi bidiyo a turo mini ta WhatsApp." Gani ya kori ji. Bidiyon daƙiƙa 20 ya fi bayanin rabin sa'a a waya.

Sai ka nemi abu huɗu: sunan wayar da sigar Android ko Windows ɗin da ke kanta, harshen da aka saita na'urar da shi, ainihin abin da aka rubuta a gurbin kafin ta lalace, da ko akwai intanet a lokacin. Ka kuma tambayi yaushe abin ya fara. In an ce jiya da yamma, to me ya faru jiya da yamma? An sabunta waya? An canza kwamfuta? Kuran ya ɗauke ana cikin shigar da ciniki?

In ka iya maimaita matsalar a wurinka sau uku a jere ta hanya ɗaya, ka ci rabin aiki. In ba ka iya ba, ɗauki kwamfutarka da kebul ka je shagon. Duk gyaran da aka yi ba tare da an ga matsalar ba, canki-canka ne.

Mataki na biyu: karanta saƙon kuskuren, dukkansa

A Android, wurin da waya ke faɗin gaskiya shi ne Logcat, kundin da take rubuta duk abin da ke faruwa a cikinta. Don ka kai gare shi, shiga Paramètres, sai À propos du téléphone, ka taɓa Numéro de build sau 7. A wasu wayoyin Tecno da Infinix yana ɓoye cikin wani ƙaramin shafi, sai ka ɗan lalubo. Daga nan Options pour les développeurs zai bayyana, ka kunna Débogage USB, ka haɗa wayar da kwamfuta, ka rubuta `adb devices` a baƙin allon umarni na kwamfutar (`adb` shi ne ke sa kwamfuta ta yi magana da waya).

Idan jerin ya fito fanko, fara zargin kebul. Da yawa daga cikin masu arha da ake sayarwa a bakin titi na caji ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Idan ka ga `unauthorized`, duba fuskar wayar, akwai tambayar da ke jiran ka amince. Wayar da ke da Android 11 zuwa sama tana iya haɗuwa ba kebul, muddin ita da kwamfutar suna kan wifi ɗaya.

Yanzu sa manhajar ta mutu, ka rubuta `adb logcat -b crash`. Za ka ga layin `FATAL EXCEPTION` da dogon jeri a ƙarƙashinsa. Sabon shiga yakan tsorata da tsawonsa ya rufe. Abu biyu kawai kake nema: `Caused by` na can ƙasa, wanda shi ne tushen, da layin farko da ke ɗauke da sunan fayil ɗinka da lambar layi. Sauran layukan na Android ne da laburaren wasu, hanya ce kawai da kuskuren ya biyo.

A kwamfuta kuwa, in ka danna manhaja ta yi walƙiya ta ɓace, buɗe `cmd` ka kira ta daga can, saƙon zai tsaya ka karanta. Wanda ya haɗa ta da PyInstaller, mai mayar da kod ɗin Python manhajar da ake dannawa, ya sake haɗawa ba tare da `--windowed` ba, don wannan zaɓin ne ke ɓoye baƙin allon da kuskuren ke fitowa. In har yanzu shiru, duba Observateur d'événements na Windows, ɓangaren Application. Kuma tun yau ka sa manhajarka ta riƙa rubuta duk kuskure a wani fayil tare da kwanan wata da lokaci. Wanda ya kama kuskure da `try` ya bar `catch` fanko ya ɗaure wa kansa ido ne.

Doka ɗaya kafin mu shiga gyare-gyare: canza abu ɗaya, gwada, sannan ka canza na gaba. Bakaniken da ya canza wa kabu-kabu buji da karbureta da mai a lokaci guda, ko babur ya tashi bai san abin da ya gyara ba, gobe in ya sake mutuwa sai ya sake sayen duka ukun.

Mataki na uku: idan aikin ya ƙi haɗuwa tun a kwamfutarka

Nan Gradle, mai harhaɗa aikin Android ya zama manhaja, shi ne sarkin ɓacin rai, kuma laifin rezo ya fi na kod yawa. Karon farko da ka buɗe aiki, sai ya sauke kansa, fayil da ya haura mega 100, ban da laburaren da ke biye. In intanet ya yanke a tsakiya, gutsuren fayil ɗin na iya zama a ajiye, kullum ka gwada ka ga saƙo irin `zip END header not found`. Maganin: shiga foldar `.gradle\wrapper\dists` da ke cikin foldar sunanka a `C:\Users`, goge foldar wannan sigar, ka sake saukewa lokacin da rezo ya zauna, misali bayan sallar asuba. Da zarar komai ya sauka, kunna yanayin `offline` na Gradle don ya daina cinye maka forfe. Kuna da yawa a wuri ɗaya? Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafi foldar `.gradle` ɗinsa ta kile.

Saƙo na biyu da ya yi suna shi ne `Unsupported class file major version` da wata lamba a ƙarshe. Cire 44 daga lambar, ka sami sigar Java: 55 Java 11 ce, 61 Java 17, 65 Java 21. Ma'anarsa Gradle ɗinka ya tsufa ga Javar da ke kwamfutar. Gradle ya fara tafiya da Java 17 daga siga 7.3, Java 21 kuma daga 8.5. Ta ɗaya ɓangaren, kayan haɗin Android na Gradle daga siga 8.0 ba sa karɓar ƙasa da Java 17. Yawanci haka na faruwa idan ka sabunta Android Studio sannan ka buɗe tsohon aiki ko wanda ka sauko da shi daga GitHub. Ko dai ka ɗaga sigar a `gradle-wrapper.properties`, ko ka nuna wa aikin tsohuwar Java. Mai Flutter ya fara da `flutter doctor -v`, zai gaya masa Javar da ake amfani da ita, ya canza ta da `flutter config --jdk-dir`.

Akwai wani da ke wahalar da mutane a banza: agogo. Kwamfutocin gwanjo da yawa ƙaramin batirinsu na ciki, CR2032, ya mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe. Da agogo ya kauce, takardun shaidar tsaro na shafuka sai su zama kamar ba su fara aiki ba, Gradle da `pip` da `npm` duk su ƙi sauke komai suna kukan SSL. Kalli kusurwar allo kafin ka kalli wani abu. Haka ma wayar mai kaya.

Sai wurin ajiye aiki. Foldar da sunanta ke da é ko ƙ, ko wadda aka binne cikin folda goma, tana jawo kurakurai marasa kan gado, domin Windows na da tsohuwar iyakar haruffa 260 ga tsawon hanyar fayil. Ajiye ayyukanka a wuri gajere irin `C:\aiki`. Kwamfuta mai giga 4 kuma, ka haƙura da wayar kwaikwayo ta Android Studio, yi gwaji da wayar gaske.

Mataki na huɗu: tana aiki a wurinka, ta ƙi a wayarsa

Ka tura APK, wato fayil ɗin girka manhajar Android, waya ta ce Application non installée, ba ƙarin bayani. Girka ta `adb install` ka ga dalilin. `INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE` na nufin makullin da aka sa wa sabuwar hannu da shi ba shi ne na wadda ke wayar ba. Kowace kwamfuta tana ƙirƙirar nata makullin gwaji, don haka in ka canza kwamfuta ko aka yi mata sabon Windows, shi ke nan. A nan ka yi hattara sosai: hanya mafi sauƙi ita ce a cire tsohuwar manhajar, amma cire ta na tafiya da duk bayanan da ke cikinta, har da littafin bashin Alhaji. Kada ka ce a cire sai ka fitar da bayanan. Kuma ka ƙirƙiri makullin sakin manhaja guda ɗaya, ka adana shi da kalmar sirrinsa a wuri biyu da ba kwamfutarka ba.

`INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS` kuwa, ka ba wayar 32 bit fayil ɗin 64 bit. Ƙananan wayoyi masu Android Go da dama `armeabi-v7a` suke so. Idan ka haɗa da `--split-per-abi` don rage nauyi, ka tabbata wanda ka tura.

Ta girku amma ba ta ganin intanet? Bi waɗannan da tsari. A Flutter, izinin `INTERNET` yana cikin fayil ɗin gwaji tun asali, amma babu shi a `AndroidManifest.xml` na foldar `main`, shi ya sa komai ke tafiya lokacin gwaji, APK ɗin ƙarshe kuma ya kurumce. Na biyu, adireshi: `localhost` a waya na nufin wayar kanta, ba kwamfutarka ba. Wayar kwaikwayo tana ganin kwamfuta ta 10.0.2.2, wayar gaske kuma sai ka yi `adb reverse tcp:8000 tcp:8000` ko ka sa adireshin kwamfutar na wifi. Na uku, tun daga Android 9 ana toshe `http` marar tsaro, saƙon zai ambaci `Cleartext HTTP traffic`. Za ka iya buɗe shi don gwaji, amma saba, wato kwamfutar da manhaja ke tura wa bayanai, in tana ɗauke da kuɗin mutane a sa mata `https`. Na huɗu ya shafi tsofaffin wayoyi: Android da bai kai 7.1.1 ba bai san tushen shaidar Let's Encrypt ba, don haka sabarka na iya buɗuwa a ko'ina ban da can.

Izini ma ya sha canzawa. Daga Android 6 dole a nemi izinin kyamara da wuri lokacin da manhaja ke aiki, rubuta shi a fayil kaɗai bai isa ba. Daga Android 10 da 11 an taƙaita rubutu a ma'ajiyar waya yadda aka ga dama. Daga Android 13 ko sanarwa sai an nemi izini. Darasin YouTube na shekarar 2018 bai san da biyun ƙarshe ba, duba shekarar bidiyo kafin ka kwafa.

Idan sigar gwaji na aiki, ta ƙarshe kuma tana kawo gurabe fanko ko tana mutuwa, zargi R8, mai matse kod yana gajarta sunaye. Laburare irin Gson da sunan gurbi yake gane bayanan JSON, in an mayar da `sunanKaya` ya koma `a`, ba zai gane ba. Kashe `minifyEnabled` ka gwada. In ta warke, mayar da shi, ka sa `@SerializedName` da dokokin kariya a `proguard-rules.pro`.

Mataki na biyar: waƙafi, haruffanmu da sunayenmu

Wannan ɓangaren ne darussan waje ba sa taɓawa, kuma shi ya fi cizon mu.

Fara da waƙafi. A tsarin Faransanci kilo sha biyu da rabi 12,5 ne, a na Ingilishi 12.5. Yaron sito ya rubuta 12,5, `toDouble` na Kotlin ya jefa `NumberFormatException`, `double.parse` na Dart ya jefa `FormatException`. Wannan ma da sauƙi, tunda ta mutu an gani. Mai haɗarin shi ne C#: a kwamfutar da aka saita da Ingilishin Amurka, `double.Parse` zai ɗauki waƙafin a matsayin mai raba dubbai, 12,5 ya koma 125, ba ƙara ba ƙorafi. Sai ƙarshen wata a ga buhunan da babu su a sito. Akasin haka ma na faruwa: `String.format` a wayar Faransanci zai fitar da 12,50, ka tura wa saba, ta ƙi karɓa. Gyaran kashi biyu ne. Abin da mutum ya rubuta, ka share sarari, ka mayar da waƙafi ɗigo, sannan ka karanta. Abin da za a ajiye ko a tura, a yi shi da tsari tsayayye, `Locale.ROOT` a Java ko `InvariantCulture` a C#. Harshen na'ura na nunawa ne kawai a allo. Kuma Excel na Faransanci da alamar `;` yake raba ginshiƙan CSV, shi ya sa rahotonka ke cunkushewa a ginshiƙi ɗaya a kwamfutar akanta.

Kuɗi kada ka ajiye shi a `double`. Gwada 0.1 + 0.2 a Python, za ka ga 0.30000000000000004. Sefa ba ta da ƴan canjin ƙasa da faran ɗaya a ciniki, don haka cikakkiyar lamba ta wadatar. Amma akwai tarkon da ba na kod ba: a kasuwa da dala, wato faran 5, ake ƙirga. Mai shago zai ce ɗari biyu yana nufin jika, wato faran 1000, yaro kuma ya rubuta 200. Manhajar ba ta yi kuskure ba, amma lissafi ya ruguje, kuma kai za a kira. Rubuta F CFA ɓaro-ɓaro kusa da gurbin, ko ka nuna kwatankwacinsa da dala a ƙasa yayin da ake rubutawa. Tunda kuma cinikin Maradi ba ya rabuwa da Jibiya da Katsina da Kano, duk inda naira za ta shigo ka ajiye nau'in kuɗin da farashin canjin ranar tare da cinikin. In ka ajiye farashin canji guda a wuri ɗaya, ranar da aka sabunta shi duk tsofaffin rasit za su canza.

Lambar waya rubutu ce, ba lissafi ba. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, ta Najeriya 11 mai farawa da sifiri. In ka sa ta a `int`, sifirin zai faɗi, ragowar kuma ta fi ƙarfin iyakar 2147483647. In ka ƙayyade gurbin a alƙaluma 8, abokin cinikin Alhaji na Kano ba zai shiga ba. Ajiye ta da +227 ko +234 a gaba.

Sai ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Tsohon tsarin haruffan Windows, cp1252, yana da é da ç amma ba shi da namu. Shi ya sa Python a Windows ke cewa `'charmap' codec can't encode character '\u0199'` da zarar ka rubuta ƙ a fayil. Sa `encoding="utf-8"` duk inda ka buɗe fayil, in kuma na Excel ne sa `utf-8-sig`. Yadda rubutun ya lalace ma yana gaya maka inda ciwon yake. In ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, bayanan suna nan lafiya, karatun ne aka yi da tsarin da ba shi ba, ana iya ceto su. In sun koma ????, an riga an zubar da su lokacin ajiya, yawanci teburin MySQL ne ke kan `latin1`. Mayar da teburin da kuma haɗin kansa zuwa `utf8mb4`, waɗanda suka lalace kuma sai an sake shigar da su da hannu. In kuwa ƙananan akwatuna ka gani a PDF, salon rubutun ne ba shi da harafin, cusa Noto Sans ko DejaVu Sans a ciki. Ƙananan firintocin rasit su ma ba su san haruffan nan ba, hanya mafi tabbas ita ce ka zana rasit ɗin ya zama hoto ka tura musu.

Alamar ' kuwa, ita ce mai tona asirin kod ɗin da aka rubuta da gaggawa. Manhajar makaranta ta yi wata biyu lafiya, ranar da aka zo rajistar wata Sa'adatu sai ta faɗi da `near "adatu": syntax error`. Dalili, an liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin SQL, alamar ta rufe zancen a tsakiya. Kada ka gyara ta hanyar hana alamar, sunan mutane ne. Yi amfani da gurbin `?` ka miƙa sunan daban. Ƙofar da Sa'adatu ta faɗa ita ce dai ɓarawo zai bi ya kwashe ko ya goge rumbun bayanan gaba ɗaya. A `strings.xml` na Android ma, kalma irin na'ura sai ka sa mata `\` kafin alamar, in ba haka ba aikin ba zai haɗu ba.

Bincike shi ma sai an yi masa dabara. Mutum ɗaya yau Ousmane, gobe Usman. Chaibou a katin ɗan ƙasa, Sha'aibu a bakin mai shago. `LIKE` na SQLite, ƙaramin rumbun bayanan da ke zama cikin fayil, haruffan Ingilishi kaɗai yake daidaita babba da ƙarami, bai san Ɗ da ɗ ɗaya ba ne. Dabarar cire wa é alamarta ma ba ta aiki a kan ƙ, domin ita harafi ce mai zaman kanta. Buɗe ginshiƙi na biyu na bincike kawai, ka mayar da komai ƙananan haruffa, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ou ya zama u, ch ya zama sh, ka cire alamar '. Ba zai kama duka ba, amma zai rage mutum ɗaya mai asusun bashi uku.

Kwanan wata a taƙaice: ajiye shi 2025-03-04, kada 04/03, kuma a tsarin Java `MM` wata ne, `mm` minti.

Mataki na shida: ta daskare, ko ta manta abin da ake yi

Android na ba manhaja kimanin daƙiƙa 5 ta amsa taɓawa, in ta wuce sai ya ce ba ta amsawa. Windows kuma ya rubuta Ne répond pas. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: ka ɗora aiki mai nauyi a layin da ke zana allo. Da kaya 30 na gwaji ba ka ji ba, da 8000 na gaske ta zauna. Mayar da aikin baya: `Dispatchers.IO` a Kotlin, `compute` a Flutter, `async` a C#, `threading` tare da `after` a Tkinter. Ka kuma sa `INDEX` a ginshiƙan da ake yawan bincika.

Hoto ma na kashe ƙaramar waya. Na kyamara mai megafiksel 13, in aka buɗe shi gaba ɗaya, yana cin wajen mega 52 na ƙwaƙwalwa, komai ƙanƙantar fayil ɗinsa. Bar wa Glide ko Coil, ko ka sa `cacheWidth` a Flutter. Sannan idan manhajarka ta buɗe kyamara, wayar na iya kashe ta a baya don samun wuri, a dawo a tarar da fom fanko. Don ka ga haka a wayarka mai ƙarfi, kunna Ne pas conserver les activités cikin zaɓin masu haɓakawa.

Ciniki ɗaya ya shiga sau biyu? Saƙo ya isa saba, amsa ce ta ɓace a hanya, yaro ya ga shiru ya sake dannawa. Kashe maɓallin bayan dannawa yana taimakawa amma bai isa ba. Wayar ta ƙirƙiri UUID, lambar shaida da ba ta maimaituwa, ga kowane ciniki tun kafin turawa, saba ta sa masa `UNIQUE`, ko sau goma aka turo ɗaya za ta karɓa. A ganina duk manhajar kasuwa a nan ta fara ajiyewa a waya, turawa ta biyo baya in rezo ya samu.

Mataki na bakwai: kwamfutar shago da kuran

`VCRUNTIME140.dll` ko `MSVCP140.dll` ya ɓata: girka Visual C++ Redistributable daga Microsoft, kada ka sauke fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ba a san kansu ba. Kuskure 0xc000007b galibi cakuɗa 32 da 64 bit ne. In kwamfutar Windows 7 ce, Python 3.8 da Electron 22 su ne na ƙarshe da ke tafiya a kanta.

Wanda ya fi ciwo: manhaja na aiki, amma kowace safiya bayanan jiya babu. PyInstaller da `--onefile` yana zazzage kansa a foldar wucin gadi, ya goge ta in an rufe. In rumbunka na ciki, ya tafi. Program Files kuma ba ya barin rubutu sai da izinin shugaba. Wurin rumbu shi ne `%APPDATA%`, da cikakkiyar hanya.

SQLite na jure ɗaukewar kuran in ba ka hana shi ba. Kada ka sa `synchronous=OFF` don neman sauri. Rubuta ciniki da rage kaya a sito su kasance cikin `transaction` guda, ko su shiga tare ko su fasa tare. In ka ga `database disk image is malformed`, kwafi fayil ɗin gefe kafin komai, ka yi `PRAGMA integrity_check`, sannan ka gwada `.recover` a kan kwafin. Wajen ajiyar kariya, kada ka kwafi fayil ɗin manhaja na buɗe, musamman in akwai wani mai ƙarewa da `-wal` kusa da shi, cinikin baya-bayan nan yana can. `VACUUM INTO` zai ba ka kwafi cikakke. Kwamfuta biyu kuma kada su raba fayil ɗin SQLite ɗaya ta foldar rezo, daga nan `database is locked` ke farawa har ya kai ga lalacewa, lokacin PostgreSQL ko MySQL ya yi. Ka kuma lallashi Alhaji ya sayi ondila, na'urar da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ko ya koma kwamfutar hannu mai batiri.

In duk wannan bai kama ta ba

Koma sigar da ka san tana aiki. Mai amfani da Git, mai adana tarihin canje-canjen kod, ya yi `git bisect`: ka nuna masa mai kyau da marar kyau, yana raba tsakani kana gwadawa, canji 100 ba zai wuce gwaji 7 ba. Marar Git ya buɗe sabon aiki fanko, ya riƙa ɗauko guntu-guntu har matsalar ta bayyana.

Lokacin nema a intanet, kwafi saƙon kuskuren yadda yake, ka cire sunan fayil ɗinka da na foldarka. In Windows ta ba ka shi da Faransanci, nemi lambar kuskuren ko sunansa na Ingilishi, amsoshin sun fi yawa a can. In za ka tambayi wani, ko malaminka a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko abokin sana'a, tura rubutun kuskuren kansa maimakon hoton allo da aka ɗauka a karkace, haɗe da sigar kayan aikinka, guntun kod ɗin da abin ya shafa, da abin da ka riga ka gwada. Kafin ka danna turawa, bi rubutun layi-layi ka goge kalmar sirrin rumbu, makullin API, da sunaye da lambobin wayar mutanen da ke cikin littafin bashin.